Layin da Baba Ya Fara

Auta ta dawo hutu daga jami'a da wata ƙatuwar takarda nannaɗe a hammata, ni kuwa a lokacin ina ɗauke da maganar da ta fi ƙarfin cikina. Ni na raka Baba asibiti. A gabana likita ya ce ciwon da ke hantarsa ya wuce magani, sai dai a riƙa rage masa raɗaɗi. A hanyar dawowa Baba ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa ƙanwata ba. Shi zai faɗa mata da bakinsa, in ji shi, kafin ta koma makaranta. Na ce to, don ba yadda na iya.

Karatun Auta kuwa, nazarin ɗan'adam ne wai: yadda mutane ke zama da juna, wa ke auren wa, wa ke kiran wa da wane suna. Na ce mata wannan ai gulma ce aka sa wa rigar boko, Gwaggonmu ta haddace shi ba ta taɓa shiga aji ba. Ta harare ni. Aikin da malaminsu ya ba su shi ne kowa ya zano danginsa kaf, daga bakin wani babba a gidansu. Mu kuma tun rasuwar Mama, Baba kaɗai ya rage mana babba a gida.

Baba kafinta ne. A lokacin ya daina iya jan zarto, amma kullum sai ya buɗe shago ya zauna a kan benci, fensir saƙale a bayan kunne, ƙafa cikin garin katako. Auta ta kife bokiti ta zauna a gabansa, wayarta na ɗaukar murya. An koya musu cewa in mai ba da bayani ya kauce, a dawo da shi kan tambaya cikin ladabi. To ƙanwata, in an koya mata abu, riƙe shi take kamar ta haɗiye. Baba zai yi gyaran murya ya fara cewa kwanan nan jikin nasa, sai ta tare shi da murmushi: Allah ya ƙara sauƙi, za a dawo kan wannan, amma kawun nan naka na biyu 'ya'yansa nawa? Shi kuma da ma mafita yake nema. Nan da nan ya kama lissafo 'ya'yan kawu, har da wanda ya gudu da keken maƙwabci.

Ina bakin ƙofa ina jin su, raina na tafasa. Na ji haushinta, na ji haushinsa, na ji haushin malamin da ban taɓa gani ba. Yarinya ido biyu, ta je karanta mutane, ga ubanta wandonsa ya yi masa yawa har ya huda sabon rami a bel, ba ta lura ba. Sau ɗaya na ritsa Baba a tsakar gida na ce lokaci fa na tafiya. Ya ce ya sani, kawai dai in ya ga yadda take murna sai ya fasa faɗa mata.

Ranar da za ta koma, jakarta na ƙofa, ta shimfiɗa takardar a kan teburin aikinsa, ta danne gefe da guduma, ɗaya gefen da gwangwanin ƙusa. Maza an zana su da kusurwa uku, mata da'ira. Baba ya yi dariya ya ce ashe maza bukkoki ne, mata ƙwai. Ya bi da yatsa har ya sami bukkarsa, ga ƙwan Mama kusa da ita, ga mu biyu muna reto a ƙasa. Sai ya tambaya me ya sa aka soke na Mama da layi. Auta ta ce haka ake nuna wanda ya rasu.

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya zaro fensirinsa daga bayan kunne, ya ɗora bakinsa a saman bukkar tasa, ya ja ɗan guntun layi, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, irin alamar da yake sa wa katako kafin ya yanka.

"Baba, za ka ɓata mini aiki," in ji Auta.

"Ban ɓata ba, 'yar Baba. Likita ya ce an fara. Ƙarashen kuma sai ranar da Allah ya so."

Ta dubi layin, ta dube shi, ta juyo ta dube ni. Na kasa haɗa ido da ita. Wayar na nan a kan benci tana ɗauka, ta miƙa hannu ta kashe. Ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Ta durƙusa cikin garin katakon ta kifa kanta a gwiwarsa, shi kuma yana shafa mata ɗankwali yana ce mata mota za ta wuce ta.

Ba ta tafi ranar ba, sai da ya matsa mata da kansa bayan 'yan kwanaki. Bai kai ƙarshen zangon karatun ba ya rasu.

Da ta dawo hutu na gaba, na ga takardar a jakarta. Malamin ya zagaye bukkar Baba da jan biro, ya rubuta a gefe cewa layin bai cika ba, yana raye ne ko ya rasu? Har maki ya rage mata. Na ce amma ai kin miƙa ta ne bayan rasuwar, me ya hana ki ƙarasa, kin sa an ci ki a banza.

"Hannunsa ne, Yaya," ta ce. "Ba zan ɗora nawa a kai ba."

Ta nannaɗe takardar ta ɗaure da zare. Ni da nake da amsar kowace magana, na tashi na shiga ɗaki.