Fakarar da Ba a Fige Ba

Ismail ya zagayo bayan mota neman ruwan sha, sai ya tarar da Kawu Ɗantala a tsugune, ya danne tsuntsuwa da gwiwa yana tuge mata gashin fiffike. Irin fakarar nan ce ta ƙasashen waje mai dogon bindi, wadda ake kiwo a keji don yara su koyi farauta da shaho. Jini har ya tsattsafo a inda aka tuge.

"Kawu, mene ne haka?"

"Aikina ke nan," in ji Ɗantala, ko ɗagowa bai yi ba. "Shahon Nasir yaro ne. In ta tashi da ƙarfinta, bin ta zai yi ido rufe. Shahon nan ya samu ko ƙwarzane, ni da Qatar khalas, an gama. Sha ruwanka ka wuce."

Ɗantala yayan mahaifiyar Ismail ne, direba a gidan Abu Nasir, mahaifin Nasir ɗin. Shi ya yi ta yabon mijin ƙanwarsa, Dakta Ayuba, a kunnen Balaraben, har mutumin ya ɗauki nauyin bincikensa a jami'a. Yau kuma aka gayyaci Dakta da ɗansa gonar da ke kudu da Mesaimeer, su yi farauta da yaran gidan.

Shi kuwa Ismail, abin ya tsaya masa a rai. A Doha ya girma, ko ɓera bai taɓa kamawa ba, amma an cika masa kai da labarin kakansa Sarkin Bakan Ningi, wanda bai taɓa harbin dabbar da ba ta iya gudu ba. Abbansa ba ya tuna labarin nan sai in zai ce masa rago. To yau ga Abban a tsaye yana kallo, a ce kuma gurguwar tsuntsuwa zai farauta?

Da aka ƙwala wa Ɗantala kira ya kai gahawa, yaron ya buɗe kwandon da Kawu ya rufe fakarar a ciki, ya mayar da figaggiyar keji, ya cusa lafiyayya, ya rufe.

Lokacinsa ya zo. Nasir, sa'ansa, ya ɗora masa shahon a kan safar fata, yana ta ja masa kunne kamar jariri ya ba shi. Ɗantala ya kai kwandon tsakiyar fili ya ɗaga murfi.

Fakara ta yi sama kamar an harbo ta.

"Yalla!" Ismail ya zare hular da ta rufe idon shahon ya sake shi. Daɗi ya kama shi har yana tsalle. Tsuntsayen biyu suka miƙa, suka wuce dabinai, suka nufi shingen waya na ƙarshen gona. Fakara ta haye. Shaho, da idonsa ke kanta kawai, ya daki wayar da ƙirji, ya faɗo tim.

Nasir ya ruga yana ihu. Ya dawo rungume da shi, fiffike ɗaya na lilo, wuya ya saki. Ita ma fakarar ba ta tsira ba. Tsuntsuwar keji ce, bayan shingen ta gaji ta sauka, kare ya kawo ta a baki.

Abu Nasir ya karɓe ta, ya buɗe fukafukanta biyu. Gashi cif, ko ɗaya ba a taɓa ba. Ya ɗago ya dubi direbansa.

Ismail ya buɗe baki, sai ya ji yatsu sun damƙe ƙeyarsa. Fuskar Abba cike da jimami irin na baƙon kirki, bakinsa kuwa yana raɗa da Hausa.

"Na gan ka sarai. Ka ce uffan, sai na kakkarya ka."

Ɗantala ya dubi kwandon, ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya dubi hannun da ke ƙeyarsa. Ya gane komai.

"Ni na manta," ya ce da guntun Larabcinsa.

Abu Nasir ba mai hayaniya ba ne. Hannu kawai ya miƙa, Ɗantala ya zaro makullin mota ya ɗora masa a tafi. Nasir ya matso yana kuka, ya tofa yawu a kan takalmin mutumin da ke kai shi makaranta tun bai iya ɗaura igiyar nasa ba. Dakta Ayuba ya girgiza kai, ya ce da Turanci, wallahi sakacin ma'aikata sai dai haƙuri.

Amma Balaraben mai karamci ne, ba zai bari baƙo ya tafi da ɓacin rai ba. Ya fizge gashin bindin fakarar mafi tsawo, ya miƙa wa Ismail.

"Kada ka damu, yarona, ba laifinka ba ne. Ka saki shaho kamar jikan mafarauci."

Kunya ta rufe Ismail. Can gefe Kawu yana ciro dardumarsa da butarsa daga bayan mota, bai yi nisan da ba zai ji ba.

Yatsun suka ƙara matse ƙeyarsa.

"Kurma ne kai? Yi godiya mana."

Ismail ya karɓi gashin da hannu biyu.

"Shukran," ya ce.