Jarrabawar da Ƙafa Ta Ci

Ranar da aka liƙa sakamakon jarrabawa a allon sashen koyon jinya, Barewa ba ta yi niyyar zuwa dubawa ba. Hanya ce ta biyo da ita daga filin wasa, takalman gudu rataye a wuyanta, gumi bai gama bushewa a bayanta ba. Ta tarar da 'yan ajinsu sun yi cincirindo. Suna ganinta suka dare, kamar yadda ake ba ta hanya ko'ina a jami'ar.

Sunanta na can sama. A darasin aikin hannu, inda ake koyon auna jini da ɗaure ciwo da yin allura, an ba ta maki mai kyan gaske. Ita kuwa ɗakin gwajin ko launin fentin cikinsa ba za ta iya faɗa ba. Duk lokacin darasin tana fili tana zagaye.

"Ikon Allah," in ji wata daga baya. "Mu da kai muke karatu, wasu da ƙafa."

Aka bushe da dariya. Tabarau ce ta yi maganar, wata siririya mai zama a layin gaba, wadda sashe ya ɗora wa aikin kwafa wa Barewa darasin da ta rasa. Sunan Tabarau yana ƙasa da nata a allon. Barewa ta yi kamar ba ta ji ba, ta wuce.

Gudu ne ya kawo ta jami'ar. Tana ajin ƙarshe a sakandare Koci, mai horar da 'yan gudun jami'ar, ya gan ta a wata gasa, ya bi ta har gida. Aka ɗauke ta karatu kyauta, aka tambaye ta abin da take so, ta ce jinya, don tun tana ƙarama farin kayan nan ke burge ta. Aka ba ta ɗaki ita kaɗai da fanka, alhali sauran 'yan mata suna cunkushe kamar ashana a kwali. Baba, wanda ya daɗe a zaune tun da kamfanin da yake yi wa tuƙi ya rufe, aka miƙa masa makullin bas ɗin 'yan wasa, da ɗaki biyu a gidajen ƙananan ma'aikata a bayan fili. Daga tagar ɗakin Mama ana hango farin layin da Barewa ke bi safe da yamma.

Ba a daɗe da fitowar sakamakon ba Mama ta fara rama, ga ƙishirwa ba dare ba rana. Likitan asibitin jami'a ya ce ciwon sukari ne, sai an riƙa yi mata allura kullum kafin ta ci abinci. Ya tambaya ko akwai wanda zai iya a gida.

"Likita, ai da nas a gidanmu," in ji Baba, yana gyara zama. "Shekararta ta uku ke nan. Barewa, wadda ka sani."

Likita ya ji daɗi, ya rubuta adadin a jikin kwali, bai tsaya dogon bayani ba.

Washegari da safe Barewa ta durƙusa gaban Mama da sirinji a hannu. Layuka ne ƙanana a jikinsa, da lambobi, kuma ba ta san wane layi ne ya yi daidai da abin da likita ya rubuta ba. Ta taɓa ganin hoton a littafin Tabarau, tana gyangyaɗi a bas. Ta ɗaga kai za ta yi magana, sai ta ga Baba a bakin ƙofa, ya kira matar mai gadi, maƙwabciyarsu, ta zo ta ga aikin 'yarsa. Fuskarsa sai sheƙi take. Barewa ta haɗiye maganar. Ta zuƙo maganin zuwa layin da ta ga ya fi kama, ta soka.

"Ko zafi ban ji ba," in ji Mama. "Allah ya yi miki albarka."

Hantsi ya ɗaga, tana tsakiyar zagaye, ta hango matar mai gadi a bakin shingen waya tana ɗaga hannu, mayafi na jan ƙasa. Barewa ta tsallake shingen. Ta tarar da Mama a jingine da gado, gumi ya jiƙa rigarta sharkaf, hannuwanta na karkarwa, tana kallon 'yarta kamar baƙuwa.

"Yi mata wani abu mana!" in ji matar mai gadi.

Barewa ta tsaya. Ba abin da ya zo mata a kai. Ta lalubo waya ta kira lamba ɗaya da take da ita a duk ajinsu.

"Tana iya haɗiya?" Tabarau ta tambaya, ba ko gaisuwa. "To ki dama sukari a ruwa ki ba ta yanzun nan, kaɗan-kaɗan. Ga ni nan."

Kafin Tabarau ta iso Mama ta fara gane mutane. Tabarau ta ɗauki sabon sirinji daga kwali ta miƙa wa Barewa. "Nuna min inda kika tsaya." Barewa ta ɗora farce a kan layin. Tabarau ta dube shi, ta dubi rubutun likita, ta cire tabaranta ta goge da gefen riga. Ta ce, "A kai ta asibiti."

A asibiti likita ya tambayi yadda aka yi. Barewa ta buɗe baki, amma Mama ta riga ta.

"Laifina ne, likita. Ban ci komai ba bayan allurar. Yarinya ta yi aikinta daidai."

Barewa da idonta ta ga Mama ta sha shayi da burodi. Likita ya yi wa Mama faɗa, Mama ta amsa da "to, to." Tabarau tana kallon siminti.

Da suka fito baranda, Tabarau ta ce, "Kusan ninki biyu kika yi mata. Da ɗayarmu ce, da yau ta haɗa kayanta. Ke kam har uwarki maki take ƙara miki." Ta yi taku biyu ta dawo. "Zan riƙa zuwa da safe kafin aji, har uwarki ta iya da kanta. Ba don ke ba."

Washegari Barewa ta ƙi zuwa fili, ta tafi ofishin Malama, mai koyar da aikin hannu. Ɗan ƙuƙut ne ofishin, da hannun roba na koyon allura a kan tebur, duk ya sha suka. Ta gaishe ta, ta ƙi zama.

"Malama, don Allah ki kayar da ni."

Malama ta ajiye biro. Ta dube ta. "Ai na kayar da ke. Sifili na ba ki, da hannun nan. Takarda ta hau sama, ta sauko da abin da kika gani a allo."

"To a bar ni in maimaita shekarar."

"Wanda ya maimaita aji ba ya shiga gasa da sunan makaranta. Dokarsu ce, su suka rubuta abinsu. Shi ya sa ba ki faɗuwa, 'yata. Ba a yarda ki faɗi ba." Ta yi ɗan murmushin da babu daɗi a ciki. "Na taɓa kai ƙorafi a kan wani ɗan ƙwallo. Aka gode min, aka ɗauke ni daga babban ofis aka kawo ni nan. Me ya faru?"

Barewa ta gaya mata duka. Malama ta rufe ido na ɗan lokaci.

"Maki ba ya hannuna, amma makullin ɗakin gwaji yana hannuna. Da yamma in an tashi ba kowa a ciki. Ki zo. Daga auna zafin jiki za mu fara."

Yamma kuwa lokacin atisaye ne. Ta sami Koci a ɗakin ajiyar kaya yana ƙirga mazuban ruwa. Ba mugun mutum ba ne. Shi ya taɓa goya ta a baya har asibiti ranar da ta gurɗe. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ciro kwalin sababbin takalma ya ɗora a kan benci.

"Gasar jami'o'i ta ƙarato, gobe za mu shiga sansani. Bayan gasa ki zauna a ɗakin gwajin har ki gaji."

"Koci, bara ma bayan gasa ka ce."

"Littafi ba ya tsufa, Barewa. Ƙafa ce 'yar lokaci. Kin gan ni nan, na fi ki gudu a zamanina." Ya buga gwiwarsa ta hagu da tafin hannu. "Kuma kada ki ɗauka ke kaɗai ce a kan layi. In muka dawo hannu rabbana, ni ma sai dai ki ji labarina."

Saura Baba. Ta same shi yana wanke bas a bayan gida, wando a naɗe, yana ta gurzar taya. Ta ɗauki tsumma ta kama goge gilashi, don maganar ta fi sauƙin fita in ba ido cikin ido ba.

"Baba, ni na yi wa Mama ba daidai ba. Ban iya allura ba. Ban iya komai ba. So nake in ajiye gudun in yi karatun."

Baba bai daina gurza ba. "Na ga hannunki ran nan yana rawa. Na ce ko kunyar mutane ce." Ya watsa ruwa a tayar. "Ban ce kada ki bari ba. Ranki ne. Sai dai ki gaya min da wuri in fara neman inda za mu zuba kaya. Kuma asibitin nan da ke ba uwarki magani, na ma'aikata ne da iyalansu."

Ya koma ɗaya tayar, wadda ya riga ya wanke.

Ta shiga sansani. Ranar gasa, tana tsaye a layin farawa, ta ƙudurta a ranta za ta ja baya. In ta zo ta ƙarshe sau ɗaya, sau biyu, ƙila su gaji su sake ta, kuma ba wanda zai ce ita ta ajiye. Aka buga bindiga. Ta bari aka wuce ta, tana cikin na baya har zagaye ya yi nisa. Sai ta hango Baba a bakin shinge cikin rigar direba, ya riƙe wayar shingen da hannu biyu, bakinsa a buɗe. Aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe. Ba ta san lokacin da ta fita daga cikinsu ba. Ta wuce ta farko a kwana, ta tsinke zaren da ƙirji.

Da suka dawo aka yi taro a babban ɗakin jami'a. Shugaban jami'a ya rataya mata lambar yabo da kansa, ya ce ita ce misalin ɗalibar da ta haɗa wasa da karatu. Sannan ya sanar da cewa an zaɓe ta zuwa gasar ƙasa, don haka an ɗauke mata zaman asibiti na bana, wanda 'yan ajinsu za su yi a hutu. Za a rubuta ta yi. Aka yi tafi har da masu miƙewa. Malama na zaune a layin malamai, hannuwanta a kan cinya.

Ana tashi Barewa ta zare jiki ta nufi ɗakin gwaji da lambar a aljihu. Kwaɗo ne a ƙofar. Mai shara ta ce an rufe sai bayan hutu.

Ta koma gida. Mama na zaune a bakin gado, ta gama yi wa kanta allurar yamma, tana mayar da murfi a nutse. Tabarau ta koya mata, har ta daina zuwa. Barewa ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar gadon. Ba ta jima ba aka ɗaga labule. Matar mai gadi ce, da jikarta a kafaɗa, jaririyar sai numfashi take sama-sama.

"Yauwa, ga nas ɗinmu ta dawo. Duba min ita, tun jiya jikinta kamar garwashi."

Kafin Barewa ta miƙe an sa mata yarinyar a hannu. Zafin ya ratsa rigarta.

"Goggo, ban iya ba," ta ce. "Wallahi ban iya ba."

Matar mai gadi ta yi dariya ta dubi Mama. "Ji ta da kunya! Ke da shugaba ya yaba yau a gaban jama'a? Duba mana, 'yar nan."

Mama ta sunkuyar da kai tana gyara kwalin magani.

Barewa ta gyara wa yarinyar kwanciya a ƙirjinta, ta zura silifa. "Taho mu je asibiti," ta ce, ta yi gaba. Matar mai gadi ta biyo ta tana mita, wai in mutum ya yi suna sai ya fara ƙyashin taimakon maƙwabta.