Ƙwaya Ashirin da Uku

Tsoho Tsao bai gama sauka daga ma'auni ba, Pei-ling ma'aikaciyar jinya ta yi tsaki.

"Kilo uku da rabi ka ƙara, Kawu! Daga Litinin zuwa Laraba. Romo ka sha ko?"

"Romon gidan wa? Ke kika dafa mini?"

Shekara shida ke nan da ƙodarsa ta mutu, na'ura ke wanke masa jini sau uku a mako. Duk ruwan da ya haɗiye a jikinsa yake kwana. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kiwon kifi a garin Tainan, yanzu ji yake kududdufin ya koma ƙafafunsa, har wani lokaci yakan kasa kunne ko zai ji motsin kifi.

"Likita ya ce in ka sake haura uku ranar Juma'a, za a ƙara maka wankin Asabar."

Asabar kuwa ita ce ranar da yake hawa bas biyu ya je gidan tsofaffi, ya taje wa matarsa A-kiau gashi. Ba ta gane kowa sai shi.

Ya fizgo ledar magani, ya zazzage a kan teburinta.

"Ƙirga, yarinya! Ashirin da uku kullum! Likitan zuciya ya rubuta nasa, likitan ƙashi ya rubuta nasa, babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa. Dubi wannan fara, kamar ƙwan ƙadangare. Haɗiye ta da yawu in gani! Shayi ma na bari, ƙanƙara nake tsotsa kamar jinjiri, sannan ki ce romo?"

"Kawu, kowa haka yake faɗa. Kwashe kayanka, akwai layi."

Ya kwashe, ya mayar cikin leda.

Ranar Juma'a ya hau ma'auni. Pei-ling ta duba, ta sake dubawa, ta tafa.

"Ɗaya da rabi! Jama'a, ku yi koyi da Kawu Tsao!" Ta manna jan tauraro gefen sunansa a allo. "Me ka daina?"

Ya sosa damtsensa, wanda tun jiya yake ƙaiƙayi har ya fara jini. A gida, cikin butar shayin da ta shekara shida ba ta ga ruwa ba, ƙwaya arba'in da shida na kwance, maganin kwana biyu da bai sha ba.

"Romo," in ji shi. Ya miƙa hannu a sa allura.