Ɓular Shinge

Ni da maƙwabciyata, Maman Tagwaye, ba ma ga maciji, duk a kan kajina. Kullum sai sun bi ta ɓular shinge sun tone mata tumatir, ita kuwa ta leƙo ta wanke ni tas. Ran da ta kai ni bango, na toshe ɓular da kwano, na kulle kajin a akurki.

Tun daga nan suka daina ci. In na zuba dusa sai su kalla su kau da kai, ƙwai kuma ya ɗauke ƙaf. Maigida ya sayo magani iri-iri, duk a banza. Ya ce, "Mu yanka kafin su mutu."

Wata safiya na ji ana ɓamɓare kwanon. Maman Tagwaye ce da guduma.

Ta ce, "Sako min ɓarayin nan. Tsutsa ta cinye min tumatir, kuma shirun gidanki ya ishe ni."

Na buɗe akurki. Suka fito da ƙyar, suka yi birgima a ƙasa, suka shiga tono.

Bayan 'yan kwanaki ta miƙo min ƙwai ta saman shinge, da ɗuminsa.

"A gindin tumatir ɗina ta saka. Karɓi abinki."

Zan yi godiya ta katse ni: "Kada ki soma. Gobe in sun yi ɓarna, zagi na nan."

Washegari kuwa ta cika alkawari. Ban taɓa jin zagi mai daɗinsa ba.