Kumfa a Gindin Tumatir

Karo na uku ke nan tumatirin Baba Shawuya yana mutuwa a tsaye. Ganyen ya yi rawaya daga baki, ya nannaɗe, ya ƙone kamar an gifta masa wuta. Tsohon ya tsuguna a ɗan lambunsa na kusurwar tsakar gida, yana murza busasshen ganye a tafin hannu.

Shi da ya yi shekara talatin yana dako a tasha. Shi da babbar mota ta bi ta kan ƙafarsa, ya tashi ya karkaɗe wando. Shi da likita ya ce ba zai kai mako ba, ƙarshe da shi aka je jana'izar likitan. Wai tumatir ne zai gagare shi! Bai taɓa zama a aji ba, amma duk wanda ya tsaya sai ya ji cewa babu malamin gonar da ya kai shi sanin ƙasa. Shukar farko ya ɗora wa ƙwari. Ta biyu ya je har kasuwa ya wanke mai sayar da iri tas. Ta ukun nan ya rasa wanda zai kama.

Babban ɗansa, mai gidan, ya tsaya a kansa yana kaɗa makullin mota.

"Baba, da bakinka ka ce idan wannan ya mutu a zuba siminti in sami wurin ajiye mota. Magini zai zo ranar Asabar."

"Wa ya ce maka ya mutu? Barci yake."

"To, Allah ya tashe shi lafiya."

Washegari ƙafar ta hana shi fita zaga gari da sassafe kamar yadda ya saba. Yana zaune bakin taga sai ya hangi matarsa tana jan bahon wanki, ta ja, ta huta, ta dafe baya. Da ta isa lambun ta shiga ɗiba da kwano tana zuba wa kowane gindi a hankali. Farar kumfa ta taru, ta nutse cikin ƙasa.

Ya ɗingiso ya fito. "Tsohuwa, me kike yi?"

"Au, yau ka kama ni." Ta yi dariya. "Kana jan ƙafa zuwa famfo sau shida a rana, ga ruwan wanki yana zubewa a banza. Tun shukar farko nake taya ka. Na san girman kanka, shi ya sa na yi shiru."

Ya dubi kumfar, ya gane abin da ke kashe masa tumatir. Ya dubi yatsunta da garin sabulu ya cinye. Magana ta taso masa har maƙogwaro, kuma a iya saninsa bai taɓa haɗiye magana ba.

"Daga yau ki bar mini," ya ce. "Ƙafar nan tafiya take so."

Ranar Asabar magini ya sauke buhunan siminti. Tsohon ya tari ɗansa a ƙofa.

"Laifina ne. Taki na cika wa tumatirin."

Ɗan ya saki baki. Tunda aka haife shi bai taɓa jin kalmar nan daga bakin ubansa ba.

"Baba, lafiyarka kuwa?"

"Taku biyu kawai za ka bar mini a jikin katanga."

Ɗan ya dubi magini. Magini ya auna da ƙafa, ya sosa ƙeya, ya ce motar za ta shiga idan ana naɗe madubi. Ɗan ya yi ajiyar zuciya, ya ɗaga hannu ya shige ɗaki.

Ana kwaɓa siminti, tsohon ya fara kwashe tsohuwar ƙasar, bokiti bayan bokiti, yana hutawa a tsakani. Matarsa ta leƙo daga ɗakin girki.

"Ai dama na faɗa maka takin nan ya yi yawa."

Ya share gumi da bakin riga.

"Kin faɗa," ya ce.