Jan Zare a Ƙasan Abaya

Wata takwas da rasuwar Adama, Malam Garba ya ga abayarta a waya.

Ba nemanta yake yi ba. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa, ya kuma binne matarsa, tsakanin azahar da la'asar ya zame masa fili mai faɗi wanda ba shi da abin zubawa a ciki. Littattafan durowarsa ya maimaita su har sun gaji da shi. Sai ya koma latsa wayar da 'yarsa Batula ta saya masa kafin ta koma gidan mijinta a Funtuwa, yana kallon abin da mutanen Kurfi ke liƙawa a sitatus: wannan ya ci kaza, wancan ya yi sabon ɗinki, waccan tana yi wa maƙiyanta habaici ba ta kama suna ba. A haka ya iso kan na Jannat.

Jannat 'yar Nana ce, Nana kuwa ƙanwar Adama ce uwa ɗaya uba ɗaya. Yarinyar ta gama jami'a a Dutsin-Ma, aiki bai samu ba, ta kama ɗan shago tana sayar da gwanjon mata ta waya. Ta wanke, ta goge, ta rataya jikin farin labule, ta ɗauki hoto, 'yan jami'a su zaɓa. Hoto na huɗu baƙar abaya ce mai zanen ganye ruwan toka a bakin hannu. A ƙasa an rubuta: "'Yar Dubai. Sau ɗaya aka sa. Wadda ta riga ita ta samu."

Malam Garba ya gyara tabarau ya sake karantawa. Shi ya sayi abayar nan da hannunsa shekara tara da suka wuce, kuma Dubai ɗin da ta taɓa gani ita ce rumfar wani ɗan Maraɗi a kasuwar Katsina. Adama ta je suna da ita, ta je gaisuwar mutuwa da ita, da ita aka kai ta asibitin da ba ta dawo ba.

"Uwa ta ɗauki gwal, ɗiya na sayar da tsumma," ya faɗa wa ɗakin da babu kowa. "Gidan ya iya rabon aiki."

Zancen gwal ɗin shi ne ya raba shi da Nana. Adama tana da sarƙa da 'yan kunne biyu da ta gada wurin mahaifiyarsu, tana ajiye su cikin gwangwanin alewa a ƙasan akwati, kullum tana cewa na Batula ne. Bayan jana'iza aka buɗe gwangwani, babu komai sai ƙyallen da ake naɗe su. Nana ce ta yi jinyarta a gida, ita ta haɗa jakar asibiti. Ranar sadakar bakwai, dangi na zazzaune a tsakar gida, Malam Garba ya ɗaga gwangwanin ya ce, da muryarsa ta aji, mutum ɗaya ya san ya taɓa akwatin nan, kuma Allah ya san shi. Bai kama suna ba. Ya dai dubi Nana har kowa ya juya ya dube ta. Wannan ita ce ƙanwar matarsa da suka shekara talatin suna tsokanar juna, tana kiransa angon littafi yana kiranta sarkin gulma. Ta tashi ta sa takalmi. Bayan kwana biyu ya tattara tufafin Adama kaf cikin buhu ya aika mata, da saƙon ta haɗa su da abin da ta fara ɗauka.

Washegarin ganin hoton Laraba ce, ranar kasuwar Dutsin-Ma. Ya shiga motar da aka cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, akuya na kuka a but. Tun daga tashar Kurfi yake tsara maganarsa, yana gyara ta kamar jawabin ranar ba da sakamako.

Shagon bai fi ɗakin girki ba. Ya samu Jannat a durƙushe tana ɗaukar hoton wani takalmi a kan tayil.

"Baba Malam, sannu da zuwa. Ina kwana?"

"Ina 'yar Dubai?"

Ta miƙe a hankali. Tana da idon uwarta, wanda ba ya saurin sauka ƙasa.

"An saye ta tun jiya da yamma."

"Madalla. Sau ɗaya aka sa, ko? Na karantar da uwarki a aji biyar, ban san lissafin gidanku ya lalace haka ba."

"Haka ake rubutawa, Baba. In na rubuta ta mamaciya ce, wa zai saya?"

"To ai da sai ki rubuta ta innarki ce, wadda ta goya ki. Wataƙila a ƙara miki wani abu don tausayi."

Jannat ta ajiye wayar a kan kantar shagon. "Kai ka aiko da buhun nan. Mama ko bakinsa ba ta kwance ba. Wata bakwai yana bayan ƙofa, duk ranar da ta gan shi ba ta cin abinci. Ta ce in fitar mata da shi ko in ƙona. Zannuwan da atamfofin na raba wa matan unguwa sadaka, ka je ka tambaya. Guda biyar na ɗauka na kawo nan."

"Guda biyar kawai. Allah ya saka da alheri, an rage mana."

"Baba, in zagi ka zo yi, wanda ka yi wa Mama ya ishe mu har mu mutu. Ka san an fasa neman aurena saboda maganar nan? Uwar yaron ta ce ba ta haɗa zuri'a da masu buɗe akwatin gawa."

Bai sani ba. Ya ji abin ya taɓa shi, ya ture. "Kira wadda ta saya. Abayar matata ba za ta yi yawo a Dutsin-Ma a jikin wadda ban sani ba."

Ta dube shi kamar za ta ƙi, sannan ta kira. Mai sayen tana aiki a wani kemis a tsallaken titi, ta ce dama tana nan tafe, tana da ƙorafi.

Sunanta Magdalina, doguwa, da farar rigar aiki, Hausarta ta mutanen kudancin Kaduna. Ta gaida Malam Garba da ladabi, ta zaro abayar daga leda ta baza a kan kantar.

"Jannat, kin ce min ba ta da matsala. Na gwada ta jiya, ƙasan yana bugun idon sawuna, gefe ɗaya ya fi nauyi. Taɓa ki ji. Kamar an ɗinke tsakuwa a ciki. Kuma dubi wannan ɗinkin, wane tela ne zai sa jan zare a baƙar riga?"

Malam Garba ya miƙa hannu don ya fizge abayar, hannun ya tsaya a hanya.

A kalmasar ƙasa, ta ciki, akwai sukar allura uku da jan zare. Daga nan baƙin zare ya ɗauka, a karkace, wani wuri a matse wani wuri a sake, kamar rubutun ɗan aji ɗaya.

Ya san jan zaren nan. Tun da hanyoyi suka lalace, aka fara tare motoci, Adama ba ta barin gwal ɗinta a gida in za ta kwana wani gari, ba ta kuma sa shi a jaka. Takan naɗe kowane ɗan kunne cikin auduga, ta miƙar da sarƙar cikin siririn ƙyalle don kada ta harɗe, ta farke kalmasar rigar da za ta sa, ta jera su, ta ɗinke tsakaninsu don kada su taru wuri ɗaya su yi ƙara. Jan zaren alama ce ta inda za ta sa reza in ta isa. Ya sha yi mata dariya, yana cewa ta mayar da riga banki. Amma ranar da za a kai ta asibiti ko kofin shayi ba ta iya riƙewa. Bai taɓa kawo wa ransa ta iya zura zare a allura ba. Shi ya tafi neman mota, Nana ta leƙa gida ɗauko kayanta. Awa ɗaya aka bar ta ita kaɗai.

A motar ma, kusa da Katsina, ta ja hannun rigarsa ta ce, "Malam, abayar nan kada a bar ta a asibiti." Ya ce ta bar zancen tsumma ta ji da numfashinta.

"Baba, lafiya?" in ji Magdalina.

Da zai iya, da ya biya matar nan kuɗinta ya naɗe abayar ya tafi da ita gida, ya farke ta a ɗakinsa ƙofa a rufe. Daga baya ya kira Batula ya ce an gan su a wani lungu, a bar zancen. Tunanin ya zo masa cikakke, har da kalmomin da zai faɗa. Amma Jannat ta riga ta sa yatsa a wurin, tana latsa ƙullin ɗaya bayan ɗaya, tana kallon fuskarsa.

"Mene ne a ciki, Baba Malam?"

"Ba ni reza."

"Ni zan farke. Kayan shagona ne."

Ta sa bakin almakashi daidai kan jan zaren. Auduga ta fara leƙowa, ta yi ruwan ƙasa saboda wanki. Ɗan kunne na farko ya faɗo kan kantar, sai na biyu, sannan sarƙar ta zamo a hankali cikin ƙyallenta.

Magdalina ta dafe ƙirji. "Yesu. Da wannan na kwana a ɗaki, ƙofata ko sakata mai kyau babu?"

Jannat ta yi abin da hannunta ya saba. Ta shimfiɗa abayar, ta jera gwal ɗin kusa da farkakkiyar kalmasar, ta matsa don haske ya shigo, ta ɗauki hoto biyu. Ta ɗaga wayar ta ɗauki na uku, har da Malam Garba a tsaye, tabarau a hannu.

"Me za ki yi da shi?"

"Na riga na yi. Yana cikin gurup ɗin dangi."

"Ba ki da kunya."

"Ba ni da ita, Baba. An cire mana tun ranar bakwai."

Ta mayar wa Magdalina kuɗinta, ta zuba gwal ɗin cikin ƙaramar leda irin wadda take sa wa 'yan jami'a ɗan kunnen roba, ta naɗe abayar, ta miƙa masa duka da hannu biyu.

A hanyar komawa wayar ba ta daina motsi a aljihunsa ba. Bai ciro ta ba. Fushin da ya taho da shi yana nan, sai dai ya rasa inda zai sauke shi. Ya gwada shi a kan Jannat bai zauna ba. Ya gwada a kan Adama, mace da ta shekara talatin da biyar tana ba shi labarin farashin daddawa dalla-dalla amma ta kasa cewa gwal na cikin riga. Can ma bai zauna ba, don ta faɗa, shi ne ya yi mata gyaran magana.

Daga tasha hanyar gidansa dama ce. Ya yi hagu.

Ya yi sallama sau uku a zauren Nana kafin ya ji takunta. Ba ta fito ba. Ta tsaya bayan labulen ƙofar ciki, ƙafafunta kawai yake gani.

"Nana, ni ne."

"Na san muryar. Na taɓa jin ta a taro."

"Kin ga hoton."

"Na gani."

"To. Na yi kuskure. Ki yafe ni."

Ya faɗe su a bushe, kamar mai haɗiyar magani. Labulen bai motsa ba.

"Malam, mutum nawa ne a tsakar gidanka ranar nan?"

Ba ta jira ya lissafa ba.

"Ni ban manta ba. A nan zaure daga ni sai kai sai kaji. Ba a nan ka faɗa ba, ba a nan za ka janye ba. Ranar Juma'a bayan masallaci ka tara su, a kan tabarmin nan dai, ka ɗauko gwangwaninka. Wannan karon ka kama suna. Ka kuma je gidan su yaron nan da ƙafarka ka gaya wa uwarsa, ko sun dawo ko ba su dawo ba."

"Har da danginku na Birchi? Sun yi nisa."

"Da za ka zage ni ba su yi maka nisa ba."

Ya buɗe baki. Yana da amsa mai kaifi, kullum yana da ita. Ya dubi ledar hannunsa, inda guntun jan zaren ya leƙo ta bakin ƙulli.

"Juma'a," ya ce.

Ƙafafun suka juya suka koma ciki. Ba ta ce ya gaida gida ba.

Da ya isa ɗakinsa ya rataya abayar a ƙusar da Adama ke rataye ta, ya yago takarda daga wani tsohon littafin darasi, ya ja layi da biro. Ya fara da kawun Adama, wanda ya zauna kusa da randa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yadda suka zauna a ranar bakwai, maza tukuna sannan mata. Ya kai talatin da ɗaya, ya tuna da matar liman da ta shigo a makare ta tsaya bakin ƙofa, ya ƙara ta.