Man da Baba Sulaimanu Ke Shafa wa Filtir

Duk makanikan unguwar Rumde Ajiya ta Garwa babu wanda ya kai Mahfuzu baki. In ka kawo masa mota da ƙazantar inji, sai ya wanke ka tas kafin ya taɓa injin. Amma da zarar farar katkat ɗin Hajiya Mairamu, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, ta kunno kai cikin gareji, sai ka ga ya saki sifana, ya gyara hula, ya durƙusa a ƙasar da baƙin mai ya jiƙa. Direban motar, Baba Sulaimanu, surukinsa ne, mahaifin matarsa Fa'iza.

Hajiya Mairamu sana'ar kifi take yi. Motar kan je Tibati ta ɗauko ɗanyen kifin tafkin Mbakawu cikin ƙanƙara, ta iso Garwa kafin ya juya. Baba Sulaimanu kuwa a kan sitiyari ya tsufa, tun zamanin manyan motocin auduga. 'Ya'yan Hajiya sun daɗe suna zuga ta ta ɗauki matashi, ita ce dai take jin nauyin furfurarsa. To amma a daminar nan motar ta shiga wani hali. Sai ta riƙa shaƙewa a hawa, tana tuttuɗo baƙin hayaƙi, a taka ta ta ƙi ja. Har Hajiya ta faɗa da bakinta, ba cikin fushi ba, cewa in kifinta ya lalace a hanya za ta karɓi makullinta.

Ranar farko da Mahfuzu ya buɗe akwatin iskar motar ya ga abin da ke faruwa. Filtir ɗin, wato matatar iska ta takarda, ya jiƙe sharkaf da man inji, jar ƙasar hanya ta manne masa kamar ƙullun ƙosai. A bayan filtir akwai wata 'yar na'ura da makanikai ke kira debimetir. Wata siririyar waya ce a cikinta, ba ta fi gashin kai kauri ba, ita ke auna iskar da ke shiga ta gaya wa motar yawan gazwal, wato man dizal, da za ta sha. Wayar nan ta yi baƙi ƙirin da maiƙo. Motar dai da ƙarya ake ciyar da ita.

Ba sai an gaya masa wanda ya yi aikin ba. Tsofaffin motocin da Baba ya tuƙa, matatarsu ta ƙarfe ce, a cikin kwanon mai take zaune, man ne ke kama ƙura. Shi a wurinsa busasshen filtir alamar direban banza ce. Saboda haka duk asubar tafiya sai ya ciro shi, ya shafe shi da mai a tsanake, ya yi bisimilla ya mayar.

Da wani ne, da unguwar gaba ɗaya ta ji. Amma ta yaya mutum zai dubi idon surukinsa, wanda ko sunansa ba ya iya kamawa, ko abinci ba ya ci a gabansa, ya ce masa bai iya mota ba? Mahfuzu ya fesa wa wayar maganin wanki, ya bar ta ta bushe da kanta, ya sa sabon filtir, ya rufe.

Baba ya ce, "Me ka gani, Malam Mahfuzu?"

"'Yar ƙura ce, Baba."

"Ai na sani. Ƙarfen yanzu duk kwali ne."

Motar ta tafi lafiya, ta dawo tana tari. Mahfuzu ya buɗe, ga mai. Ya wanke, ya canza, ya yi shiru. Haka aka yi ta yi, ana tufka ana warwara, filtir na taruwa a bayan gareji.

Ya kai kukansa wurin Fa'iza, tana tsinken zogale a tsakar gida. Ta saurare shi har ƙarshe sannan ta ce, "Ni in je in ce wa Baba bai san mota ba? Mutumin da ya aurar da mu duka da sitiyari? Kai da ka iya faɗa da kowa, yau kuma bakinka ya mutu?"

"Ke 'yarsa ce."

"Shi ya sa. In kai ka faɗa makanike ne ya faɗa. In ni na faɗa raini ne."

Sai ya koma dabara. Akwai abokin aikinsa Gédéon, mai gyaran wutar mota, suka shirya magana. Da Baba ya zo ya zauna a benci, Mahfuzu ya ɗaga murya yana ba Gédéon labarin wani direban garin Bogo da ya kashe mota da shafa wa filtir mai.

Gédéon ya ce, "Kai! Se pa posibil, ba zai yiwu ba! Mai a filtir ɗin takarda?"

Baba ya girgiza kai cikin tausayi. "Ya cika shi ne. Yaran yanzu ba su san gwargwado ba. Shafawa ake yi, ba tsomawa ba."

Gédéon ya shige ƙarƙashin wata mota don kada a ga dariyarsa. Mahfuzu kuwa bai ga abin dariya ba, haushin kansa ne ya cika shi.

Wani zuwan ya gwada ƙarya. Kansa a sunkuye ya ce, "Baba, wannan sabon samfuri ne, da mansa yake zuwa daga kamfani. Ba ya son ƙari."

Tsohon ya karɓa, ya murza da babban yatsa, ya shinshina. "Sun cuce ka, ɗana. Wannan ko ɗigo babu. Bar shi, zan gyara abina."

Nan ne fa ya kamata ya buɗe baki. Maganar ta zo masa har maƙogwaro. Gédéon na ta harararsa daga nesa yana yi masa alama da hannu. Amma Baba na tsaye da carbinsa, yana murmushin wanda ya ceci yaro daga 'yan damfara, sai Mahfuzu ya ji kansa yana cewa, "To, Baba. Allah ya kiyaye hanya."

A tafiyar nan aka kwana ana ruwa a ƙasar Adamawa. Tsakanin Tibati da Ngaundere akwai wani kwari da taɓo ke kwanciya, kuma ba wurin da katkat mai lafiya za ta tsaya ba ne. Baba ya san shi kamar tafin hannunsa. Ya sa giyar ƙarfi ya shiga, motar ta kai tsakiya ta shaƙe. Ya taka, ta yi gurnani da hayaƙi, ƙafafun suka ƙi juyawa da ƙarfin da zai fitar da ita. Rana ta fito ta buɗe. Ƙanƙara ta riƙa zuba ta ƙarƙashin bodi tana bin taɓo. Kafin a samu wata babbar mota ta ja su, ƙudaje sun riga kowa sanin labari.

Hajiya ba ta mayar da motar wurin Mahfuzu ba. Ta ce ta gaji da gyaran da ba ya jin magani, ta sa aka kai ta garejin wani Louis a can bakin gada, ita da 'ya'yanta da Baba duk suna tsaye. Louis ba surukin kowa ba ne. Ya buɗe akwatin, ya ɗaga filtir da yatsu biyu mai na ɗiga, ya juya shi kowa ya gani.

"Wane gwani ne ya soya wannan? Madam, motarki lafiyarta ƙalau. Mai shafa mata mai shi ne ciwonta."

Masu jiran gyara suka kwashe da dariya. Baba bai yi musu ba. Ya ce shi ne, ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa wa Hajiya tun ba ta tambaya ba. Ta karɓa tana kallon ƙasa.

Gédéon ne ya kawo wa Mahfuzu labari, kuma bai gama ba sai ga tsohon ya shigo garejin a ƙafa, babbar rigarsa duk jar laka. Mahfuzu bai taɓa ganinsa ya zo wurin nan ba mota ba. Tausayi da tsoro suka haɗu suka kama shi. Ya zube ƙasa ya fara gaisuwa, Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Filtir ɗin da kake cirewa, ina kake zuba su?"

Idon Mahfuzu ya tafi bayan gareji. Baba ya taka ya leƙa. Suna nan jibge, kowanne baƙi da mai. Ya daɗe yana kallonsu kafin ya dawo.

"Ashe ka sani."

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

Mahfuzu ya ce, "Kunya, Baba. Na ji nauyinka."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Babu faɗa a fuskarsa, kuma da ya yi faɗan da ya fi sauƙi.

"Da ka ja ni bayan garejin nan ka gaya mini, kai kaɗai za ka ga kunyata, kuma da gobe ina hanyar Tibati. Yau rabin Garwa sun gani." Ya gyara rigarsa a kafaɗa. "Na ba ka 'yata don na ɗauka na samu ɗa. Ashe suruki kawai na samu."